Galan ɗin da Garba bai zuba ba

Kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke sosai ba a Birnin Kebbi. Ya yi yayyafi, ya tsagaita, kafin mata su gama shanya ya dawo da ƙarfinsa. Masu zuwa daga Argungu sun ce gulbi ya cika, har ya fara shiga gonakin da ke bakin gaɓa.

Jiya da hantsi ɗana Nasiru ya tsaya da jif ɗinsa a ƙofar gida. Ya ce zai ɗaura mata tirela ya je Augie ya kwaso injin ban-ruwa da na casa kafin hanya ta rufe. Na tambaye shi rabon da a duba man aksil ɗin baya.

"Baba, ai kwanan nan anka yi mata sabis."

"Ba sabis na tambaye ka ba."

Na sa ya shimfiɗa mini buhu, na shiga ƙarƙashin motar da waɗannan gwiwoyin da suka daina son durƙuso. Na kwance notin aksil ɗin, na tsoma yatsa, na shinshina. Man giya, wato man da ake zuba wa aksil, yana da warinsa, kamar ruɓaɓɓen ƙwai da aka dama da tafarnuwa. Na Nasiru lafiya lau yake. Ya ɗaura tirelarsa ya tafi, ni kuma na zauna a zaure da warin a yatsana, ina tuna wata damina da ta wuce shekara ashirin da ɗoriya.

A lokacin muna Argungu, gida ɗaya da wana, Yaya Sani. Shi ne babba, shi ya san ƙasa. Ni na san tuƙi. Gonar shinkafarmu tana can cikin fadama, tafiyar sa'a guda daga gari, kuma hanya ɗaya ce ke kai mutum: wata doguwar jinga da aka zuba wa jar ƙasa, faɗinta bai fi na mota ɗaya ba. Shekarar da ta gabata albasa ta yi mana kyau, muka sayi tsohuwar jif da wata ƙaramar tirela. Duk unguwarmu babu mai irinta. Gida bakwai, har da namu, suka dogara da ita wajen fitar da amfani, mu kuma muka dogara da hannuwansu ranar gayya.

Damina ta fara da kyau. Mun yi dashe a kan kari, shinkafa ta tashi kore shar, ta yi ciki, ta fitar da kai. Sai sama ta buɗe. Kwana tara ana ruwa, katangun ƙasa suna zubewa cikin gari, itacen girki ya jiƙe har mata suna hura wuta da tsofaffin tabarmi. Gishiri ya narke a kwano. Kaya ba sa bushewa, ɗaki yana warin danshi. Sai labari ya zo cewa ruwa mai yawa yana tafe daga sama, kwana huɗu ko biyar zai iso mu.

Yaya ya tara mazan gida bakwai ɗin a zaure. Ya ce shinkafa ta nuna kashi biyu cikin uku, a yanke ta haka, a buge a gona, a fitar da ita shanshera, wato da ɓawonta. Ya juyo gare ni.

"Umaru, kai motak ka sani. Ka shirya ta. In ta ba mu kunya, mun shiga uku."

Washegari da asuba na hau motar haya zuwa Birnin Kebbi. Akwai wani ɗan kudu mai shagon kayan mota, Chidi, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Na gaya masa abin da ke gabana. Ya sauko da galan biyu ya ajiye a kan kanta, ɗaya mai lamba casa'in, ɗaya mai lamba ɗari da arba'in.

Ya ce, "Malam Umaru, in yawon gari za ka yi, wannan na casa'in ya ishe ka. Amma kai kaya za ka ja cikin laka, da ƙaramar giya, wuni guda. Tukunyar aksil za ta yi zafi kamar kaskon ƙosai. Mai mara kauri zai tsinke ya zama ruwa, haƙora su ci juna. Ɗauki mai kaurin."

Aksil ɗin baya shi ne ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. A tsakiyarsa akwai tukunya mai haƙoran ƙarfe da ke juya tayoyin, kuma in mota tana jan kaya, a nan wahala take taruwa. Chidi ya ƙara da cewa a duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil, kada ruwa ya shiga ta nan, a duba birki da lagireto, nauyin kaya kuma a matso da shi gaban tirela. Ya ɗauki fenti ya rubuta sunana a jikin galan ɗin, don kada ya ɓata a motar haya.

Na dawo Argungu kafin azahar, na kai motar garejin Garba. Garba abokina ne tun muna ninƙaya a gulbi tsirara. Ranar aurena shi ne babban aboki. Na miƙa masa galan, na gaya masa duk abin da Chidi ya ce.

"Tahi ka nemo sarƙa," in ji shi. "Wanga aikin minti talatin na."

Na tafi neman sarƙa da ƙugiya wajen maƙera. Da na dawo bayan la'asar ya wanke hannu, yana cin gyaɗa. Ya ce ya zuba, ya ɗaure birki, ya cika lagireto. Ban shiga ƙarƙashi na duba ba. Wa ke shinshina aikin abokinsa?

Kwana biyu ana yanka. Maza da lauje cikin ruwa iya ƙwauri, matsattsaku suna manne musu a ƙafa, mata suna kawo fura da dafaffen wake a ka. Ana bugu a kan tamfol bisa jinga, ana ɗurawa a buhu. Rana ba ta fito ba, amma akwai wani zafi mai nauyi da ke sa gumi ya ƙi bushewa. Da yammacin rana ta biyu an tara buhunan a tudun da ke ƙarshen jinga. Yaya ya kafa kara a bakin ruwa. Kafin mu tashi, ruwa ya haɗiye taƙi guda na karan.

Rana ta uku na fara jigila. Sahu na farko lafiya. A na biyu na ji wani kuka siriri daga baya, kamar sauro a kunne. Na ce nauyi ne. A sahu na uku muka loda mafi yawa, saboda ruwa ya fara taɓa jingar a wurare biyu, Yaya kuma ya ce namu buhunan su zama na ƙarshe, tunda motar tamu ce. Muna tsakiyar jinga kukan ya koma gurnani. Wani ƙauri ya shigo ta ƙasan kujera. Kafin in taka birki na ji ƙara kamar an fasa tulu, tayoyin baya suka ƙame, motar ta ja gefe ta tsaya.

Na sauka na taɓa tukunyar aksil da jiƙaƙƙen tsumma. Tsumman ya yi cuu, ya fitar da tururi.

Mun tura, mun ja, mutum goma sha biyar. Motar da tayoyinta suka ƙame ba ta turuwa cikin laka. Ga ta ta toshe hanya ɗaya tilo, ko amalanken shanu ba zai wuce ba. Aka aika neman kwale-kwale, aka samu biyu, don kowa a fadamar yana ta kansa. Daga azahar zuwa magariba Yaya yana cikin ruwa, da farko iya gwiwa, daga baya iya ƙirji, yana ɗaukar buhu a ka yana miƙa wa masu jirgi. Na ce ya fito ya huta. Ya ce in na gaji in fito ni. Lokacin da aka kira sallah ruwa ya rufe tirela. Abin da muka tsirar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma yawancinsa ya jiƙe.

Kwana uku bayan nan Yaya ya kwanta da zazzaɓi da tari. Aka kai shi asibiti, aka ce ruwa ya taru a huhunsa. Ya yi kwana goma sha ɗaya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, ya bar matarsa Hauwa da 'ya'ya biyar.

Shekarar ba ta da daɗin faɗi. Shansherar da ta jiƙe ta fara tsiro a cikin buhu. Mata suka dafa ta suka shanya a ɗaki, tunda babu rana, ta yi baƙi, tana wani tsami da ko miyar kuka ba ta ɓoyewa. Ita muka ci har ta ƙare. Gida ya koma girki sau ɗaya, da la'asar. Da safe Yaya Hauwa da matata su dama koko tsararo, a ba yara, manya su kurkure baki da abin da ya rage a ƙwarya. Da hantsi su fita da kwando neman tafasa da rama. Da ruwa ya ja baya muka shiga tafkuna muna tonon bado, a shanya, a daka, a tuƙa wani abu mai kama da tuwo wanda ke kwana a ciki kamar dutse. Kifi kam an samu, don ambaliya ta bar shi a kowane rami, amma kifi ba hatsi ba ne. Yaro zai ci ya ƙoshi, bayan sa'a guda ya dawo yana kallon tukunya.

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne gaisuwar maƙwabta. Babu wanda ya ce mini komai. Amma gida shida sun ba ni amanar abincin shekararsu, kuma duk wanda na haɗu da shi a masallaci sai ya gaishe ni da sauri ya duƙar da kai. Na ɗauka laifina ne. Na ce ko lodi na yi wa motar fiye da kima. Wata biyu ina ɗauke da wannan, ina kallon 'ya'yan Yaya suna ramewa. Garba ya zo ta'aziyya sau uku. Har kuka ya yi.

Bayan ƙasa ta bushe muka jawo jif ɗin da shanun huɗa, aka ɗora ta a babbar mota zuwa Birnin Kebbi. Chidi ya haɗa ni da wani dattijon makanike, Baba Bulus, mutumin Filato da ya yi shekaru a garin. Ya kwance tukunyar a gabana. Haƙoran sun yi shuɗi, wasu sun narke sun lanƙwashe. Ruwan gulbi ya shiga, amma a ƙasa akwai sauran mai da ya daskare. Ya lakato, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya zuba maka wannan?"

"Abokina."

"Wannan ba man giya ba ne, ɗana. Baƙin mai ne da aka juye daga injin wata mota. Shinshina. Babu warin ƙwai, sai ƙaurin hayaƙi. Ko rabin tukunya ma bai kai ba."

Na ce ko kuskure ne. Baba Bulus ya ci gaba da goge hannu.

Sati bai cika ba na haɗu da Isa, direban babbar motar da ta ɗauko jif ɗin, muna shan shayi a tasha. Ina ba shi labari sai ya ajiye kofi. Ya ce a cikin makon ruwan nan Garba ya sayar masa da galan na man giya, sabo, ba a fasa murfinsa ba, da sunana a jiki. Garba ya ce masa na fasa tafiyar. Isa ya tashi ya buɗe akwatin kayan aikinsa. Ga galan ɗin, ya mayar da shi na ruwan lagireto. Ga rubutun Chidi da jan fenti.

Na ɗauki galan na tafi garejin Garba. Na ajiye a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni.

"Umaru, kowa da kwanansa. Sani kwanansa ya ƙare. In ce ko da man zinariya na zuba, abin da Allah ya rubuta sai ya faru."

"Mi ka zuba?"

"Mai dai mai na. Motoci nawa na zuba ma irinai, ba abin da ya same su."

Akwai babbar sifana a kan bencinsa. Na dube ta, shi ma ya ga na dube ta. Na tuna yara biyar da babu mai ciyar da su in na tafi gidan yari. Na ɗauki galan ɗina na fita.

Dattawa suka ce a bar wa Allah. Liman ya kira ni ya yi mini nasiha mai kyau, na saurara har ƙarshe, na yi godiya. Ban ce na yafe ba, shi ma bai lura ba. Na daina yi wa Garba magana, na daina bin layin garejinsa. Da rani na yi noman albasa da guga, hannuna ya tsage, na tara abin da ya sayi tsohon aksil. Duk ranar da na samu sarari ina wajen Baba Bulus. Shi ya koya mini in fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, don kada in zubar da mai in rasa ta inda zan mayar. Ya koya mini in duba garin ƙarfe a jikin noti, in cika tukunya har mai ya leƙo bakin rami, in ja bututun numfashi sama da tiyo saboda ruwa, in gane man da ruwa ya shiga don yana komawa kamar kunu. Tun daga lokacin babu hannun da ya sake taɓa ƙasan motata sai nawa.

Garba kuwa gaba ya yi. Ya sayi a-kori-kura, ya kama gona babba a fadamarmu. Ina ganinsa yana wucewa. Ina jira, ban san abin da nake jira ba.

Damina ta uku ruwa ya sake zuwa, ba kamar na farko ba, amma ya isa ya sa kowa gudu. A lokacin an faɗaɗa jingar, mota biyu suna iya giftawa. Na shirya jif tun mako guda kafin nan: sabon mai mai kauri, sarƙa biyu, tayoyi masu tsini. Na fitar da amfanin gida bakwai ɗinmu kaf kafin azahar. Ina dawowa sahun ƙarshe na tarar da cunkoso a wata kwana inda gefen jinga ya zabtare. Amalanke biyu da wata ƙaramar mota sun kafe. Can gaba, a-kori-kurar Garba ta zame, tayoyinta biyu cikin ruwa, maƙare da shinkafarsa ta shekara.

Na kwance tirela. Na ɗaura sarƙa na fitar da amalanke na farko, na fitar da na biyu, na fitar da ƙaramar motar. Garba yana tsaye yana kallo, laka har cinya. Na naɗe sarƙa a hankali na jefa bayan mota. Sai ya tako.

"Umaru. Don Allah."

Shekara biyu ke nan ban ji ya kira sunana ba.

Matarsa da wasu mata biyu masu sheƙa suna tsugune a kan jinga. Na ce su shiga mota, suka shiga. Wani dattijo, Malam Ango, ya kama hannun rigata.

"Ɗana, ja ɗaya ta. Minti biyar. Ruwa shina tahowa."

Na ce, "Baba, tsoron aksil nike. Ba ka san irin man da makanikai ke zuba ma mutane ba."

Babu wanda ya yi dariya.  Na mayar da tirela, na tada mota. Ta madubi na gan shi ya koma ya sa kafaɗa a jikin motarsa yana turawa shi kaɗai, ƙafafunsa suna zamewa. Matarsa tana kuka a kujerar baya har muka iso gari. Na sauke ta a ƙofar gidansu.

Ba wata motar da za ta iya wannan jan a fadamar ranar. An kwashe masa 'yan buhuna da jirgi. A-kori-kurar ta yi sati uku a cikin ruwa, da aka fito da ita sai masu sayen ƙarfe suka taya. Maganar baƙin mai kuma ta bazu, don mutane sun tambayi abin da nake nufi, Isa ya ba su amsa. Direbobi suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekara garejin ya rufe. Garba ya koma sayar da fetur a kwalba a bakin titi.

An zage ni. Wasu sun ce zuciyata dutse ce. Liman bai sake kirana ba. Ba zan ce abin da na yi daidai ne ba, malamai sun fi ni sani. Amma in na ce na yi nadama na yi ƙarya. Ranar na ci tuwo na ƙara.

Daga baya na dawo Birnin Kebbi da iyalina. Na aurar da 'ya'yan Yaya huɗu, na biyar yana koyarwa. Yanzu hanyar fadamar an zuba mata tsakuwa, ana jin labarin ruwa a waya tun kafin ya taso, kowane gida akwai mai babur. Yaran yanzu ba su san ɗanɗanon bado ba, kuma ba na so su sani.

Shekara huɗu da suka wuce aka aiko cewa Garba ya rasu. Na je Argungu, na bi sahu, na yi masa sallah, don wannan hakkin musulmi ne. Bayan an rufe shi liman ya roƙi jama'a, duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Mutane suka amsa, "Mun yafe." Wasu tsofaffi biyu suka waiwayo suna dubana. Na tsaya da hannuna a baya har aka shafa.

Daga maƙabarta na biya tsohon gidanmu. Yaya Hauwa tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, idonta ya fara rauni. Ba ta sake aure ba. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗago kai, hannunta yana cikin faifai.

"An ce ka tahi wurin jana'iza."

"Na tahi, Yaya."

"Liman ya ce a yahe mai?"

"Ya ce."

"Kai mi ka ce?"

"Ban ce komi ba."

Ta ɗauki wani ɗan dutse daga cikin waken, ta juya shi a yatsa, ta jefar gefe.

"To," in ji ta. "Zauna a kawo maka ruwa."